Yadda za ki rubuta tallar turaren wuta a tsaya a karanta

'Yar'uwa, kin ce kina saka hoton turarenki da farashi a Facebook amma ba mai tsayawa. Ni tsarin tatsuniya nake bi: mutum, damuwarsa, sannan mafita.

Fara da amaryar da damina ta sa ɗakinta bashi, ga dangin miji suna tafe bayan la'asar. Ta wanke labule, ta buɗe taga, duk a banza. Sai a nan turaren zai shigo. Ta zuba a kasko, uwar miji ta yi sallama ta ce, "Kai, wannan ƙamshi fa?" Amaryar ce mai labarin, ba turaren ba, kuma a nan mu masu sayarwa muke yawan tuntuɓe. Farashi da lambar waya ki bar su sai layin ƙarshe.