Tambaya da Amsa: Na jera hoto goma amma yashi-yashin bai tafi ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai in na ɗauki hoto da daddare na ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, sai ya fito da yashi-yashi musamman wajen da yake da duhu. An ce min in na jera hotuna a kan juna a Photoshop zai ragu, to na ɗauko hoto ɗaya na yi kwafinsa sau goma na jera amma wallahi ba abin da ya canja, don Allah ina matsalar take?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya ba ka shawarar gaskiya ya faɗa maka, kwafin nan da ka yi shi ne ya ɓata aikin. Yashi-yashin nan ba ya zama wuri ɗaya, duk sanda ka danna kyamara hasken da yake faɗawa kan sensa, wato abin da ke karɓar haske a cikin kyamara, ba ya zuwa daidai da na baya, ga kuma ɗan tangarɗar lantarkin sensar ita kanta, shi ya sa ɗigon da ya fito ja a gefen bango a hoton farko, a na biyu sai ka ga ya zama kore ko ma bai fito ba sam. Amma bangon yana nan inda yake. To in manhaja ta haɗa hotunan ta fitar da matsakaicinsu, bango ya zauna daram, ɗige-ɗigen kuma su cinye juna. Kai kuwa yashi ɗaya ka maimaita sau goma, ba wanda zai cinye wani.

Saboda haka hotuna daban-daban za ka ɗauka na abu ɗaya. Kafa kyamara a kan tirayifod, wato abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, sa ta a manuwal yadda ISO da shota (tsawon lokacin da haske ke shiga kyamara) da fokos ba za su canja ba, ka sa taima na sakan 2 don kar hannunka ya girgiza ta, in tana da RAW, wato nau'in fayil ɗin hoto da kyamara ba ta gyara ba, ka ɗauka da shi. Lissafin kuma ka riƙe shi da kyau: hoto 4 yana rage yashin da rabi, kafin ya koma kwata sai ka kai 16, kafin ya sake rabuwa biyu kuma sai 64. Ni a ganina 8 zuwa 16 sun ishe ka, bayan nan wahalar ta fi ribar yawa kuma kwamfuta ta dinga nauyi.

A Photoshop ka shiga File, Scripts, Load Files into Stack, ka zaɓi hotunan, akwai akwatuna biyu a ƙasa ka yi musu tik duka, ɗaya yana daidaita hotunan su hau kan juna ɗayan yana mayar da su Smart Object. Sai Layer, Smart Objects, Stack Mode, ka zaɓi Mean, wato matsakaici. In wani ya gifta ta gaban kyamara a ɗaya daga cikin hotunan to Median za ka zaɓa, shi yana ɗaukar launin da ya faɗo tsakiya ne a kowane ɗigo, mutumin sai ya ɓace gaba ɗaya, Mean kuwa zai bar maka inuwarsa dishi-dishi.

In ba ka da Photoshop, manhajar GIMP ta kyauta ma za ta yi, da hannu. Ka jera kowane hoto a leyarsa, leya ta ƙasa ka bar Opacity ɗinta, wato ƙarfin bayyanarta, a 100, ta biyu 50, ta uku 33, ta huɗu 25, ta biyar 20, haka dai.

Amma fa abin da ba ya motsi kawai dabarar take yi wa, gini ko ɗaki ko kaya a kan tebur. Yara masu wasa kam manta kawai. Sannan in ka ga wani ɗigo mai haske yana fitowa wuri ɗaya a duk hotunan, wannan daga sensar ne, jerawa ba ta cire shi, sai ka goge da hannu. Taurari ma suna matsawa a sama tsakanin hoto da hoto, su gara ka nemi Sequator ko DeepSkyStacker, kyauta ne a Windows kuma don aikin aka yi su.