Raptor, TRX ko ZR2: wacce ce ta cancanci jarin dillali?

Wani dillalin motoci ya aiko da tambaya cewa ya daɗe yana sayar da a-kori-kura na aiki, amma kwanan nan masu saye suna yawan tambayarsa manyan a-kori-kuran nan da aka ƙera domin gudu a daji da sahara, irin su Ford F-150 Raptor da Ram 1500 TRX da Chevrolet Silverado ZR2. Yana son ya san wacce ya kamata ya zuba jarinsa a kanta, da kuma ko zai iya riƙa jigilar kayansa da ita kafin ta sami mai saye.

Alhaji, zan fara da tambayarka ta biyu domin ita ce mai sauƙin amsa. Kada ka yi jigilar kaya da ko ɗaya daga cikinsu. An ɗora su ne a kan dogayen shokazoba masu laushi domin su haɗiye ramuka da tudun rairayi a guje, kuma wannan laushin shi ne yake rage nauyin da za su iya ɗauka. Raptor tana ɗaukar kimanin kilo 635, har da nauyin mutanen da ke ciki, tana kuma jan kimanin kilo 3,700, alhali F-150 ta gama-gari da aka shirya domin aiki tana iya jan sama da kilo 6,000 a kan kuɗin da bai kai nata ba. Ga shi kuma kowace kilomita da ka ƙara mata, daga ribarka za a cire ta ranar ciniki.

Batun farashi kuwa, ma'aunin da ya fi dacewa shi ne kasuwar Amurka. TRX ta fito a 2021 da injin V8, wato mai silinda takwas, na lita 6.2 da ƙarfin doki 702, a kan kimanin dala 70,000, amma kafin kamfanin ya dakatar da ƙera ta a ƙarshen 2023 farashinta ya haura dala 90,000. Raptor mai injin V6, wato mai silinda shida, na lita 3.5 da ƙarfin doki 450 ta tashi daga kimanin dala 65,000 a 2021 zuwa kusan dala 80,000 a 2024, ita kuma Raptor R mai V8, wadda Ford ya fitar a 2023 domin karawa da TRX, ta fara ne daga kimanin dala 109,000. ZR2 mai ƙarfin doki 420 ta tsaya a kusa da dala 70,000, daidai da Ram RHO mai silinda shida da ta biyo bayan TRX, sannan ƙaramarsu, Ranger Raptor, ta shiga kasuwar Amurka a 2024 a kan kusan dala 57,000. Duk wanda zai tsallaka da motar wata ƙasa sai ya ɗora kuɗin jirgi da harajin kwastam a kan waɗannan alƙaluma, kuma a ƙasashe da yawa harajin yana ƙaruwa ne gwargwadon girman inji.

Inda nake son ka fi natsuwa shi ne batun buƙata, domin a nan ne jari yake maƙalewa. Yawan masu tambaya ba ya nuna yawan masu saye, musamman a kan motar da kowa yake sha'awar ya gani ya ji ƙarar injinta. A 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta ya rage yawan motocin da kamfanoni ke ƙerawa, dillalai a Amurka sun riƙa ɗora dubban daloli a kan farashin kamfani, mutane kuma suna biya ba tare da ciniki ba. Da masana'antu suka farfaɗo, kuɗin ruwa kuma ya hau bayan babban bankin Amurka ya fara ƙara shi a watan Maris na 2022, sai wannan ƙarin ya zube, waɗanda suka sayi motocin da tsada domin su sayar suka tarar kasuwa ta sauko ta bar su. Masu sayen irin wannan mota 'yan kaɗan ne, kuma ba larura ce take kawo su ba, saboda haka da zarar aljihu ya ɗan matse su ne na farko da suke ɗage saye zuwa baɗi.

Ko a cikin wannan ƙaramar kasuwa akwai bambanci. Raptor tana nan tun 2010, ta yi suna, kuma ta fito ne daga dangin F-Series da suka fi kowace a-kori-kura ciniki a Amurka tun 1977, don haka kayan gyaranta da makanikan da suka san ta sun fi samuwa, mai sayen ta hannu kuma ba ya fargabar ta. TRX tana da masoya na gaske, kuma bayan an dakatar da ita a ƙarshen 2023 an riƙa cewa farashinta sai dai ya hau. Ni ban yarda dillali ya gina lissafinsa a kan wannan ba, domin kamfanin da ya dakatar da mota yana iya dawo da ita da ƙarin ƙarfi a duk lokacin da ya ga kasuwa, kuma ranar da aka yi haka tsohuwar ta rasa abin da ake taƙama da shi.

Kuɗin riƙe motar ma ya shafe ka, ko da ba kai za ka tuƙa ta ba, saboda mai saye na biyu da shi yake taya ta. Bisa gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, TRX da Raptor R suna shan kusan lita 20 a kowace kilomita 100, Raptor mai V6 kuma kusan lita 15. Wanda yake tafiyar kilomita 20,000 a shekara zai sha kimanin lita 3,900 a TRX, a Raptor kuma kimanin lita 2,900, wato bambancin lita 1,000 kowace shekara, kuma TRX fetur mai daraja take buƙata, wanda ya fi na gama-gari tsada. Tayoyin Raptor da TRX na inci 35 ne, wasu Raptor ma na inci 37, masu tsada da saurin cinyewa a kan kwalta, ana kuma canza su gaba ɗaya. Shokazoban kamfanin Fox da ke kan Raptor da na Bilstein da ke kan TRX da na Multimatic da ke kan ZR2 ba kowane gareji ne yake iya gyara su ba. Sai inshora mai nauyi, da faɗin jiki na kusan mita 2.2 a Raptor da TRX, wanda yake hana su shiga wuraren ajiye mota da yawa. A wannan fagen ZR2 tana da abin faɗa, domin tun 2024 ana samun ta da injin dizal na lita 3.0 mai sauƙin shan mai, kuma jikinta bai kai nasu faɗi ba.

Yanzu ka auna wannan da jarinka. A ɗauka, a matsayin misali kawai, ka sa dala 80,000 a mota ɗaya, ta yi kwantai wata shida, ka sayar da ribar kashi 10 cikin 100, ka sami dala 8,000. Da kuɗin nan a a-kori-kuran aiki ka sa su, suka juya sau uku a wannan tsakanin da ribar kashi 5 cikin 100, da dala 12,000 ka samu, ba tare da ka kwana da fargabar mota ɗaya ba. Ka sa alƙalumanka na gaskiya a wannan lissafi kafin ka biya ko sisi.

Shawarata ita ce TRX da Raptor R kada ka sayo su sai an yi maka oda, an ba ka kafin alƙalami mai kauri, an kuma rubuta yarjejeniyar abin da zai faru da kuɗin idan mai odar ya fasa. Idan kuwa kana son ka ajiye guda domin ta ja maka masu saye, to ka tsaya a Raptor mai V6 ko Ranger Raptor, wadda ba a taɓa injinta ko kwamfutarta ba, mai cikakkun takardun sabis. In ta hannu ce, ka sa a ɗaga ta a duba ƙasanta da kyau, domin motar da aka yi ta tsalle da ita tana iya zuwa da lanƙwasasshen ƙarfen gindi ko shokazoba masu yoyo alhali fentinta yana ƙyalli. Ka kuma ware wani abu daga jarin ka sayo tayoyi da birki da matatun mai na irin motar da ka sayar, domin wanda ya saye ta zai dawo nemansu kowace shekara, kuma kuɗin da ka sa a cikinsu zai fi na motar saurin juyawa.