Amsa ga ƙanwata ta garin Tawa kan abin awon sukari na damtse

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ƙanwata ta Tawa, na ji muryarki. Kin ce farin abin nan mai kamar ƙwandala da kika gani manne a damtsena ranar suna, yana da zafi? Kuma in an saya wa Inna, za ta huta da allura?

To, allura dai tana nan. Abin ba magani ba ne, ba ya zuba komai a jiki, awo kawai yake yi. Nawa FreeStyle Libre 2 ne. Akwai wani ɗan siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, zafin sa shi bai kai na tsira yatsa ba. In ka manna sai ka jira awa 1 kafin ya fara, ya yi kwana 14, ka ɓalle ka sa sabo. Kusan 26 ke nan a shekara. Ki fara wannan lissafin tukuna, don zafin yana aljihu. Kuma ba kullum ake samunsa a farmasi nan Yamai ba, ni sau da yawa saƙo nake bayarwa.

Abin da ya sa ban daina ba shi ne kibiyar. Ban da lambar da ke fitowa a waya, yana nuna ko sukarin hawa yake ko sauka. Shekara da shekaru ina tsira yatsa da asuba in ga 1,20 (giram a litar jini) in ce alhamdu lillahi, in tafi harkata. Ashe bayan la'asar ake yi mini ɓarna. Satin farko na zauna fada, na sha shayi na fari, na biyu, na uku, kun san na ukun nan sukari ne zalla. Na kara waya a hannu: 2,60, kibiya ta miƙe sama tsaye. Abokai na ta dariya wai na zama mota mai kwanta, wato mita. Ni kuwa jikina ya yi sanyi. Furar da nake ta zargi, in ba a zuba mata sukari ba kuma na sha kaɗan, ba ta kai ni can. Amma wannan jikina ne fa, na Inna daban.

Likita ya ce in yi ƙoƙari mafi yawan yini sukarin ya zauna tsakanin 0,70 da 1,80. In ya faɗi ƙasa da 0,70 sai wayar ta yi ƙara, ko cikin dare. Sukari ƙwaya 3 nake ajewa gefen katifa.

Sai dai ba jini yake aunawa ba, ruwan da ke ƙarƙashin fata ne, shi ya sa yake makara da ƴan mintoci. Wani dare na kwanta a kan hannun, ya tashe ni da ƙara wai sukari ya faɗi, uwargida har ta ɗauko lemu. Na tsira yatsa, lafiya lau. Danne shi na yi. Don haka kada ku yar da tsohuwar na'urar. In lamba ta saɓa da yadda jiki ke ji, yatsa za a bi.

Sai zafinmu. A watan Afrilu zufa ta ɓalle mini ɗaya a kwana na 5, ina cire riga na ji ya faɗi ƙasa, kuma ba ya komawa. Yanzu sai na wanke wurin da sabulu, na goge da alkol, ya bushe sarai, sannan in rufe gefensa da filasta. Wanka ba ya hana shi aiki. Sabon da ba a buɗe ba, kar a bar shi cikin mota.

Inna ba ta karatun boko, saboda haka sai an sami mai duba mata, kuma ku je wurin likitanta da maganar kafin ku kashe kuɗi. Anjima zan turo hoton layin hawa da saukar sukarina na jiya, ku ga inda shinkafar rana ta kai ni.