Za a binne ɓuntun shinkafa kusa da rijiyarmu, kotu za ta hana?

Tambaya: Barista, maƙwabcina ya ba wani kamfani hayar gonarsa. Wai za su riƙa binne ɓuntun shinkafa a ƙasa, su sayar da takardar shaidar sun rage iskar da ke ɗumama duniya. Rijiyarmu taku hamsin ce daga iyakar gonar. An ce tsarin mulki ya ba ni haƙƙin tsaftar muhalli. In kai ƙara?

Amsa: Malam, damuwarka a kan hanya take, amma wanda ya ba ka wannan fatawar bai ƙarasa maka ita ba. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa, sai dai yana cikin babi na biyu, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta abin da ke wannan babin. Lauyoyi kan nemi kewayawa ta haƙƙin rayuwa, amma ba zan ba ka tabbaci a kanta ba.

Dokar 1988 da aka kafa bayan an jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko na jihar Delta ta yanzu ma da wuya ta yi maka aiki. Hukuncinta ɗaurin rai da rai ne, amma a kan shara mai guba. Ɓuntu zalla da wuya ya shiga wannan sahu, sai in an gauraya shi da wani abu. A jihar Arkansas ta Amurka, kamfanin Graphyte yana busar da irin wannan ɓuntun, ya matse shi kamar tubali, ya naɗe shi kafin ya binne, don in danshi ya shiga zai ruɓe, ruwan ruɓar ya bi ƙasa. Shin naku haka za su yi? Abin takaici ne a ce har yau ba su zauna da ku sun yi bayani ba.

Alƙali ba ya yanke hukunci a kan fargaba kawai. Saboda haka a wannan makon ka ɗebi ruwan rijiyar, a gwada shi a ɗakin gwaji, ka adana sakamakon mai ɗauke da kwanan wata. In ruwan ya canza daga baya, hujjarka ke nan.

Sannan ka rubuta musu, ka nemi takardu biyu: amincewar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya bisa dokar tantance illar muhalli ta 1992, in aikin ya kai girman da take buƙata, da kuma yardar ƙaramar hukuma, wadda sashe na 21 na dokar filaye ta 1978 ya sharɗanta kafin a miƙa wa wani gonar da ake riƙe da ita bisa haƙƙin gargajiya. A nan ne kamfanin zai iya yin sakaci.

Ni dai da za ka ji tawa, ka fara da dagaci. A zauna da kamfanin da maƙwabcinka, a rubuta tazarar ramin daga rijiya, da gwajin ruwa duk bayan damina a aljihunsu, da wanda zai haƙa muku burtsatse in ruwan ya ɓaci. In sun ƙi sa hannu, kawo min takardun mu duba batun neman umarnin dakatarwa daga kotu.