Filin Tambaya: Waƙata Ta Ƙi Zama A Bakin Matan Zumunta

Tambaya: Mama, ina gaisuwa. Ina cikin ƙungiyar mawaƙa a wata ikilisiya a Kafanchan. Na tsara waƙa daga Zabura 40, na ɗora ta a kan muryar wata waƙar Turanci da nake so. Idan ina rerawa ni kaɗai a ɗaki tana mini daɗi, amma da na kai wa matan zumunta, mako uku ke nan sun kasa riƙe ta, wata tsohuwa ma dariya ta yi. Hassada ce, ko waƙar ce ba ta yi ba?

Amsa: 'Yata, ki cire hassada daga ranki. Ki sayi goro ki je gidan tsohuwar nan ki tambaye ta a kan wace kalma ta yi dariya. Kafin ma ki je, ina zargin wurin da matsalar take, domin ni ma an taɓa yi mini irin wannan dariyar.

Ina sabon aure na yi wata waƙa mai cewa za mu shiga garin Allah. Muryar da na aro tana jan gaɓar farko ta "gari", sai kalmar ta koma garin tuwo. Uwar zumuntarmu ta lokacin ta ajiye cakinta, ta dube ni ta ce, "Amarya, na dawa ne ko na masara?" Ranar ko abincin dare ban ci ba.

Hausa ba ta yarda a ja wasali yadda aka ga dama. Gari na zama gajere ne, gari na tuwo dogo ne. Ga kuma hawa da saukar murya: kuka na hawaye a sama yake tafiya har ƙarshe, kuka ta miya kuwa saukowa take yi. Wuya ta wahala hawa take yi, wuya na jiki sauka yake yi. Zaburar da kika ɗauka ta fara da cewa Ubangiji ya ji kukan Dawuda, saboda haka ki duba yadda muryarki ta bi da wannan kalma. Kunnen jama'a yakan yafe hawa da sauka idan ma'anar jimla ta fito fili, amma jan gajeren wasali da wuya a yafe shi.

Za ki ce ai da yawa daga tsofaffin waƙoƙin da muke rerawa ranar Lahadi daga Turanci aka fassaro su, da muryarsu ta can. Gaskiya ne, kuma ina ƙaunarsu, da su aka binne mahaifina. Amma da su muka tashi, kunne ya riga ya saba. Sabuwar waƙa ba ta da wannan gatan.

Ga yadda nake yi. Nakan karanta ayar da ƙarfi sau goma ko fiye, ina shara ko ina tankaɗe, kamar ina gaya wa maƙwabciya labari ta kan katanga. A cikin maganar kanta murya take ɓoye, sai in bi ta in ƙara mata tsawo kaɗan. Bayan haka nake neman amshi, kuma ba na barinsa ya wuce numfashi ɗaya. Ki buɗe Zabura 136: aya 26 ce, kowacce ta ƙare da amshi guda, cewa ƙaunar Allah madawwamiya ce. Mai bayarwa yana ta kawo labari, daga halittar sama har ƙetare Bahar Maliya, jama'a kuwa layi ɗaya kawai suke riƙewa. Haka matan zumunta suke waƙa, mace ɗaya ta bayar, saura su amsa, tulu da caki suna tafe. Yawancinsu ba da takarda suke koyo ba, wasu ma Hausar ba ita ce harshen gidansu ba. Idan kin ba su baiti shida ba amshi, kin ɗora musu kayan da ba gammo.

Ki jefar da muryar aron nan, ki riƙe kalmomin. Sa'an nan ki gwada sabuwar a kan yaran gidanku. Idan washegari kin ji ɗayansu yana rera amshin a bakin famfo, ki koma wurin matan.

Tambaya: Mama, daga Maraɗi nake rubutowa. Ƙanwata za ta yi aure, ina so in yi mata waƙa da Rut 1:16, inda aka ce inda za ki tafi nan zan tafi. Wani dattijo ya ce ayar ba ta aure ba ce. Kuma ina so in ambaci mahaifiyarmu da ta rasu bara. Ya dace?

Amsa: Ɗana, Allah ya ba ku haƙuri. Dattijon bai yi kuskure ba. Rut ba ga miji ta faɗi wannan magana ba, ga surukarta Na'omi ta faɗa, a kan hanyar Baitalami, su biyun duk gwauraye, ba su da komai. Ni kuwa a ganina wannan ne ma ya sa ayar ta dace da auren ƙasarmu, inda yarinya ba miji kaɗai take aura ba, har da gidansu. Kada dai ka sa kalmomin a bakin amarya tana gaya wa ango. Ka ba da labarin yadda yake, ka kuma sa baiti ɗaya domin uwar miji, tunda Na'omi "'yata" take kiran Rut. Idan ta ango kake nema, Zabura 128 tana nan.

Batun mahaifiyarku, ka sa ta. Amma kada ka ce "uwa mai kirki, uwa mai haƙuri", wannan kowa ma zai faɗa. Ka tuno abu ɗaya da ita kaɗai take yi: wurin da take durƙusawa da asuba, ko abin da take cewa in an kawo ƙarar ƙanwarka. Baiti ɗaya ya isa, kuma ka rera wa amaryar tun kafin ranar, kada ta fara jin sa a gaban taro.

Tambaya: Laifi ne in na sauya kalmomin aya don su shiga waƙa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ba laifi, muddin ma'anar tana nan. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na nan Zariya ya ba shekaru masu yawa, kuma fassarorin da suka biyo baya sun sauya kalmomi da dama. Ka ajiye tsohuwar da sabuwar gefe da gefe, sau da yawa wadda ta fi shiga waƙa tana cikin ɗayansu. In ka gama, ka nuna wa fastonku kafin ranar Lahadi.