Wa ake yi wa dariya? Tambaya kan wasan da ya raba kan 'yan kallo a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da wasan kwaikwayo a wata kwalejin ilimi. Na karanta labarin wani sabon wasa da aka yi a Ingila, wanda ke caccakar yadda Turawa suka daɗe suna nuna mutanen Asiya a dandamali. An ce wasu 'yan kallo sun yi ta ƙyalƙyala dariya, wasu sun fito jikinsu a sanyaye, wasu ma ransu a ɓace. Me ke raba kan mutanen da suka kalli abu ɗaya a zaure ɗaya? Kuma in ɗalibaina za su shirya wasa irin wannan, yaya za mu bambance dariyar da muke so da wadda ba mu so? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wasan da ya fi dacewa da bayaninki shi ne na Kimber Lee, marubuciya 'yar Amurka mai tushe a Asiya. Rubutun ya ci kyautar Bruntwood ta ɓangaren ƙasashen waje a 2019, aka fara nuna shi a gidan wasa na Royal Exchange da ke Manchesta a 2023, daga baya a shekarar aka kai shi Young Vic a Landan. Sunan wasan kansa ashar ne da aka sakaya da taurari, kuma an auna shi ne kan Miss Saigon, shahararren wasan waƙe-waƙen nan. Tun daga allon talla, ke nan, mai sayen tikiti ya san faɗa aka zo yi.

Ba za a gane abin da ya faru a zauren ba sai an san labarin da ake faɗan a kansa. A 1904 aka fara nuna Madama Butterfly, wasan waƙe-waƙe na mawaƙin Italiya Puccini, a Milan ta Italiya. Yarinya ce 'yar shekara 15 a Nagasaki ta Japan, hafsan sojan ruwan Amurka ya aure ta auren wucin gadi, ya tafi ya bar ta da ciki. Ta jira shi shekara uku. Ya dawo da matarsa Ba'amurkiya don su ɗauki ɗan, ita kuwa ta kashe kanta da wuƙar mahaifinta. A 1989 aka buɗe Miss Saigon a Landan: an mai da labarin Biyetnam, hafsan ruwa ya zama sojan Amurka, yarinyar ta zama Kim, amma ƙarshen bai canza ba. Tsakanin waɗannan biyu an yi wasanni da finafinai da yawa a kan tubali ɗaya: macen Asiya mai sunkuyar da kai, mai haƙuri har mutuwa, namijin Asiya kuma ko dai mugu ne mai wayo ko abin dariya, Bature kuwa shi ne mai zuwa da tafiya. Abin da masana ke kuka da shi shi ne kuɗin goron da ake yi wa Bajapane da Basine da ɗan Koriya da ɗan Biyetnam, kamar duk gari ɗaya ne, yare ɗaya, hali ɗaya.

Dabarar Lee ita ce maimaici. Ta ɗauki yarinya mai suna Kim ta jefa ta cikin labarin nan, ta mutu, sai a sake ɗaura shi a wata ƙasa da wani zamani, ta sake mutuwa. Akwai mai ba da labari da ke tsaye tana karanta umarnin dandamali a fili, tana nuna wa 'yan kallo ɗinkin da aka saba ɓoyewa. Baturen kuwa, in ya buɗe baki zai yi "yaren Asiya", sai ya riƙa jero kalmomi barkatai, har da sunayen abinci, a fassara su a matsayin kalaman soyayya. Daga baya wasan ya tsallako zuwa zamaninmu a Amurka, inda barkwanci ya ragu, magana ta yi nauyi.

To, a nan kan mutane ke rabuwa, domin dariyar da ake ji a zaure irin wannan ba iri ɗaya ba ce, ko da kunne ya ji ta ɗaya. Akwai dariyar wanda abin ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. Mace 'yar asalin Asiya da ta girma a Ingila, wadda aka sha kwaikwayon idonta a makaranta, in ta ga an kwance wa labarin zani a kasuwa, dariyarta ta huce haushi ce, kuma tana iya rikiɗewa ta zama hawaye kafin a tashi. Akwai dariyar wanda ya tsargu: yana son waƙoƙin Miss Saigon, ya kalle shi sau biyu ko uku, yau kuma ga shi ana nuna masa abin da bai taɓa lura da shi ba. Irin wannan takan zo a makare, gajera, mutum na satar kallon na kusa da shi. Sai ta uku, wadda duk darakta ke tsoro: dariyar wanda kamancen, wato kwaikwayon mutanen Asiyan da ake yi, shi ne ya ba shi dariya. Sunkuyon ya burge shi, gurɓataccen lafazin ya burge shi, bai ma san da gugar zana ake yi ba. Wannan mutum ya biya kuɗinsa ya sha irin nishaɗin da kakansa ya sha shekara ɗari da suka wuce, kuma wadda ke zaune gefensa tana jin sa. Ɓacin ran da kika karanta, sau da yawa daga kujerar maƙwabci yake fitowa.

Ginin zauren ma yana da hannu. Royal Exchange zagayayye ne, dandamali a tsakiya, kujeru sama da 700 sun kewaye shi. Duk inda mutum ya zauna yana kallon fuskokin waɗanda ke ɗaya gefen. A zauren da kowa ke fuskantar gaba cikin duhu, mutum yakan yi dariyarsa ba mai ganinsa. A zagayayyen zaure kuwa kowa shaida ne a kan kowa, don haka dariya takan kama da sauri, takan kuma mutu da sauri in aka ga wani ya haɗe rai.

Akwai kuma wani rukuni da bai kamata a raina hujjarsu ba, wato 'yan wasa da 'yan kallo 'yan asalin Asiya da ke ganin an yi wa tsofaffin wasannin rashin adalci. Miss Saigon ne ya fito da Lea Salonga 'yar ƙasar Filifin, ta ci kyautar Olivier a Landan a 1990 da ta Tony a Amurka a 1991, kuma shekara da shekaru wasan ya ciyar da ɗimbin 'yan wasan Asiya a lokacin da ba a ba su wani aiki. Wanda ya biya kuɗin haya da wannan wasa ba zai ji daɗin a ce masa abin kunya ne ba. Sai dai a nawa ganin, wannan hujja tana nuna ƙuncin kasuwar ne, ba ta wanke labarin. A 2023 ɗin ma rigimar a raye take: gidan wasa na Crucible da ke Sheffield ya sake ɗaura Miss Saigon, har ya ba mace, Joanna Ampil, matsayin Injiniya, ɗaya daga cikin manyan jigogin labarin, wanda maza suka saba yi, amma kamfanin New Earth, na 'yan wasa masu tushe a gabashi da kudu maso gabashin Asiya, ya janye nasa wasan daga gidan don nuna ƙin amincewa. Masu shiga kallon wasan Lee da yawa sun riga sun ɗauki ɓangare tun daga gida.

Rigimar tsohuwa ce. A 1990, da za a kai Miss Saigon Amurka, ƙungiyar 'yan wasa ta Actors' Equity ta ƙi yarda Jonathan Pryce, Bature ɗan Wales, ya fito a matsayin Injiniya, wanda a labarin ruwa biyu ne, Faransa da Biyetnam. A Landan har abin ƙanƙance ido aka liƙa masa. Mai shirya wasan, Cameron Mackintosh, ya ce to ya fasa kawo wasan gaba ɗaya, ƙungiyar ta janye, aka buɗe a 1991. Cikin waɗanda suka yi adawa da zaɓen Pryce akwai marubucin wasa David Henry Hwang, wanda daga baya, a 2007, ya rubuta Yellow Face. A ciki ya sa kansa a matsayin marubucin da ya yi kuskuren ɗaukar Bature a matsayin ɗan Asiya, ya koma yana ƙarya don rufe abin. Wannan dabara tana da amfani gare ki: da marubuci ya fara ɗora wa kansa laifi, sai 'yan kallo su saki jiki, domin ba su ji an tsare su a kotu ba.

Yanzu ga aikin ɗalibanki. Abu na farko, a kowane layi na ban dariya ku tambayi kanku wa aka auna. A wasan Lee, lokacin da Baturen ke jero sunayen abinci da sunan yare, kibiyar tana kan jahilcinsa da na marubutan da suka ƙirƙiro irinsa. Da yarinyar aka sa tana gwamutsa Turanci, da kibiyar ta koma kanta, ko da niyyar marubuci ta alheri ce. Ku bi rubutun da jan biro, ku rubuta sunan wanda aka auna a gefen kowane layi. In sunan wanda kuke cewa kuna karewa ya fi fitowa, rubutun na buƙatar gyara kafin a hau dandamali.

Sannan ku yi gwaji a gaban mutane kafin ranar buɗewa, dare uku in da hali, mutum 30 zuwa 40 kowane dare, kuma kada su zama abokan 'yan wasa zalla, domin aboki yana dariya ne don ganin abokinsa cikin baƙuwar riga. Ki zaunar da ɗalibai biyu da kwafin rubutun, ɗaya a baya, ɗaya a gefe inda zai ga fuskoki. Aikinsu su sa alama a kan ainihin kalmar da dariya ta tashi. Wannan shi ne ma'aunin da ya fi kowane gaskiya. In dariya ta tashi tun ɗan wasa na shigowa da tafiyarsa da lafazinsa, kafin ya faɗi komai, kamancen ake yi wa dariya. In ta tashi bayan an fallasa abin, misali bayan mai ba da labari ta yi magana ko wani ya mai da martani, saƙon ya isa.

Maimaici yana da nasa lissafi. Zagaye na farko a yi shi cikakke, a bar mutane su yi dariyarsu. Na biyu ya ragu da kamar kashi ɗaya cikin uku, na uku ya zama rabin na farko ko ƙasa da haka, a kuma ƙara sauri. Abin da ake nema shi ne dariya ta riƙa sirancewa har a kai inda za a ji zauren ya yi tsit a wurin da ɗazu aka yi shewa. In kuwa a zagaye na uku shewar ta fi ta farko, wasan ya kuɓuce muku. Yawanci laifin daga ɗan wasa ne: ya ɗanɗani daɗin tafi a daren farko, sai ya ƙara gishiri a dare na biyu, ya ja lafazin, ya tsaya jiran dariya. Maganinsa a hana shi tsayawar. Ya ɗora layi na gaba a kan dariyar, ya take ta. Ana kuma iya barin wani ɗan wasa a gefen dandamali, cikin haske, fuskarsa ba walwala, yana kallon abin da ake yi. Idon 'yan kallo zai riƙa komawa kansa, kuma shi kaɗai ya isa ya sanyaya irin dariya ta uku ɗin nan, ta mai jin daɗin kamance.

Inda irin waɗannan wasanni suka fi tuntuɓe shi ne rabi na biyu. Bayan an gama ba'a, marubuci yakan ji tsoron kada a ce ba a gane shi ba, sai ya sa wani ya tsaya ya yi dogon jawabi. Masu sharhi a jaridun Ingila da dama sun fi yaba wa ɓangaren farko na wasan Lee fiye da na baya, kuma wannan ba baƙon abu ba ne. Mutumin da aka sa shi dariya minti 40 in aka juya ana yi masa wa'azi, yakan ji kamar an yaudare shi. In jawabi ya zama dole, a ba mai adawa da ra'ayin wasan nasa jawabin mai ƙarfi, kada a mai da shi wawa.

Ɗalibanki za su ce miki ai mu ma muna da wannan, kuma wasa ne kawai. Gaskiya ne muna da taubasantaka: Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe. Amma ki nuna musu sharaɗinta. Wanda aka tsokana yana nan a wurin, yana da bakin ramawa, kuma al'ada ta ba shi damar ramawar daidai wa daida. Kamancen wata ƙabila a dandamali, inda ba ɗanta ko ɗaya cikin marubuta ko 'yan wasa, kuma kullum shi ne wawa ko macuci, ya rasa wannan sharaɗi. Abin da mutanen Asiya ke kuka da shi a Landan da Amurka ke nan: shekara sama da ɗari ana magana a kansu, ba a miƙa musu abin magana ba. Don haka in wasan ya shafi wata al'umma, a sa 'ya'yanta cikin masu rubutu tun daga farko, ba a gayyato su ranar ƙarshe su sa albarka ba.

Game da tattaunawa bayan wasa, kada ta wuce minti 20, kuma wanda zai jagorance ta kada ya zama marubuci ko darakta, domin su kare kansu za su yi. Kada a tambayi mutane ko wasan ya yi kyau. A tambaye su a ina suka yi dariya, a ina suka daina, da wane ɗan wasa suka ji tausayinsa. Kada kuma a nuna mutum ɗaya daga al'ummar da wasan ya shafa a ce ya tashi ya faɗi ra'ayin mutanensa a gaban jama'a. Nauyi ne da bai ɗauka ba, kuma kunya za ta sa ya ce komai lafiya. A raba 'yar takarda mai tambaya uku ko huɗu wadda ba a rubuta suna, a ajiye kwali a bakin ƙofa. Su kuwa 'yan al'ummar, ki same su daban bayan kwana ɗaya ko biyu, mutum uku ko huɗu, ki riƙe rubutun a hannu, ku bi shi shafi-shafi tare da alamomin da ɗaliban nan biyu suka sa.