Me ya sa ba ma cire tamostat idan tsohuwar mota tana zafi

Sanusi, ka yi mini tambaya a kan Toyota Carina E ɗin nan da aka kawo, wadda ta haura kilomita 300,000 kuma allurar zafinta ke hawa. Ka ce: "Maigida, a wasu garejin da an kawo irin wannan sai a cire tamostat a yar, a haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, mai mota ya kama gabansa. Mu me ya hana mu?" Tambayarka tana kan hanya. Ajiye sifanar ka saurara.

Injin da ke cikin motar nan 4A-FE ne, irin na Corolla ta zamaninta, kuma daga 1992 zuwa 1997 aka yi ta ƙera Carina E. Gangar jikin injin baƙin ƙarfe ce, kulas ɗinsa kuwa, wato kan injin da ke rufe silinda, alminiyam ne. An gina shi ya yi aiki da zafinsa, wajen digiri 85 zuwa 95. Tamostat shi ne mai tsaron ƙofa tsakanin injin da lagireto: yana rufe har ruwa ya kai digiri 82, sannan ya fara buɗewa. In ka cire shi, da safe a lokacin sanyin Disamba da Janairu injin ba zai ɗumama ba. Kwamfutar mota za ta ga ruwa da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara fetur kamar yanzu aka tayar. Rarar fetur ɗin tana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ta gangara ƙasa ta tsinka man. Injin da zobban fistin ɗinsa suka riga suka ci, ka ƙara masa wannan, to gaggauta mutuwarsa ka yi. Mai mota kuma zai dawo yana kukan shan mai, bai san daga inda abin ya faro ba.

Akwai wani abu kuma da yawancin masu cirewa ba su lura da shi ba. Ɗauko tamostat ɗin Toyota ka juya shi. Ka ga wannan ƙaramin faifan da ke gindinsa? Idan tamostat ya buɗe, faifan nan yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin injin ba tare da ya je lagireto ba. In babu tamostat, hanyar a buɗe take kullum, wani kason ruwan zafi sai ya riƙa zagaye a cikin injin bai taɓa sanyaya ba. Shi ya sa za ka ga motar da aka cire wa tamostat da safe ba ta ɗumi, amma a ranar Afrilu da tsakar rana, ɗauke da iyali da kaya a hanyar Tasawa, sai ta tafasa. An yi ba a yi ba ke nan.

Saboda haka kafin ka taɓa ko noti ɗaya, tambayi mai mota: yaushe take zafin? Amsarsa rabin aikin ce. In a cunkoson babbar kasuwa allura ke hawa, da an hau kwalta ta sauka, fanka za ka fara tuhuma. In a cikin gari lafiya lau, sai an miƙe hanya ana gudu take zafi, to ruwa ba ya gudana yadda ya kamata: ko lagireto ya toshe, ko fuka-fukan famfon ruwa sun cinye. In kuma kullum sai ya ƙara ruwa alhali ba ya ganin ɗigo a ƙasa, ka duba murfin lagireto, bayansa gasket ɗin kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kulas da gangar injin.

Murfin nan raina shi ake yi, alhali shi ya fi komai araha. Duba samansa, an rubuta 0.9. Ruwa a buɗe a digiri 100 yake tafasa, amma in murfi ya riƙe matsi daidai wancan adadin sai ya kusa 120 kafin ya tafasa. Robar murfi in ta tsage ko sifirin ya saki, ruwa zai riƙa tsiyaya zuwa ƙaramin tanki yana zubewa. Canja shi da mai lamba iri ɗaya. Kada ka sa mai 1.1 a tsohon lagireto mai kan roba, ka je ka fasa wa mutum kaya.

Fankar Toyota ta wancan zamanin gwajinta ba wuya. Kunna makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka zare wayar da ke kan makunnin zafi na fanka. In fanka ta tashi, to motar fankar, wato ɗan injin da ke juya ta, da rile mai sakar mata wuta da fis duk lafiya suke, sai ka tuhumi makunnin, wanda ya kamata ya tayar da ita idan ruwa ya kai wajen digiri 93. In ba ta tashi ba, bi fis, bi rile, sannan ka ba ta wuta kai tsaye daga batir ka gani. Haɗa ta kai tsaye na gwaji ne kawai. In ka bar ta haka, motar fankar ta yi ta juyawa har gawayinta ya ƙare, ranar da za ta tsaya kuwa babu wanda zai sani sai tururi ya tashi.

Lagireto sai ka duba shi waje da ciki. Daga waje, haska tocila tsakaninsa da na na'urar sanyi da ke gabansa. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayi, matattun ƙwari da guntun leda a nan suke taruwa su zama kamar tabarma, iska ba ta wucewa. Wanke shi daga ɓangaren injin zuwa waje, da ruwa mara ƙarfi, don famfon masu wankin mota lanƙwasa haƙoran yake yi. Daga ciki kuwa, bari injin ya yi zafi, kashe shi, zare makulli, ka shafa tafin hannu a jikin lagireton. Ya kamata zafin ya bazu ko'ina, yana raguwa kaɗan-kaɗan zuwa ƙasa. Inda ka ji sanyi a tsakiya, bututun wurin sun toshe. Abin da ke toshe su sananne ne: ruwan rijiya da na famfo da ake ɗurawa shekara da shekaru, suna barin farin ɓawo da tsatsa. Shi ne kuma ke cin fuka-fukan famfon ruwa. Wannan ya fi komai ba ni haushi, domin mutum zai sayi mota da kuɗi masu yawa, sannan ya ƙi sayen ruwan lagireto na gaskiya.

Shi tamostat ɗin, ban ce ba ya lalacewa ba. Yana maƙalewa a rufe, kuma a nan za ka ga injin ya yi zafi cikin ƴan mintoci alhali tiyon ƙasa na lagireto da sanyinsa. Gwada shi ake yi. Rataya shi da waya a cikin tukunyar ruwa a kan wuta, kada ya taɓa gindin tukunyar, ka sa ma'aunin zafi. Tsakanin 80 da 84 ya fara buɗewa, a 95 ya buɗe aƙalla milimita 8. Bai yi haka ba, sa sabo mai lamba 82 da sabuwar roba. Wajen ɗaurawa, ɗan ƙaramin ramin nan mai ƙarfe yana reto ya kalli sama, ta nan iska ke fita.

Yanzu ga abin tsoron, gasket. Kulas na alminiyam ba ya jure tafasa. Sau ɗaya ko biyu ya isa ya gantsare. Da safe injin da sanyi, buɗe murfi, cika ruwa, ka tayar. In kumfa na tasowa ba yankewa, ko ka rufe murfi tiyon sama ya yi tauri cikin minti guda tun injin bai ɗumama ba, hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Kwance buji huɗun ka jera su: wanda ya fita fes kamar sabo, a silindarsa ruwa ke shiga. Duba ƙarƙashin murfin baƙin mai ko akwai farin kitse, duba salansa ko farin hayaƙi bai ɗauke ba bayan injin ya ɗumama. In ya tabbata, kada ka ɗora sabon gasket a kan kulas da ba ka auna ba. Sa miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa ta tsawo, ta faɗi da ta kusurwa, ka zura ma'aunin tazara. Ya wuce milimita 0.05, sai an kai wurin masu gyaran fuska. Ɗaurin notinansa daga tsakiya ake farawa a yi waje, hawa-hawa, da sifanar awo bisa lambar littafin injin, ba da ƙarfin damtse ba. Kuma tunda ka riga ka buɗe, duba bel ɗin taimin. Kilomita 100,000 ne wa'adinsa.

Wajen zuba ruwa, injin nan yana cin lita biyar da ɗoriya. Haɗa rabi ruwan lagireto, rabi tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, amma ka karanta jikin gorar da kyau kada a ba ka asid. In wanda aka riga aka haɗa ne, kada ka ƙara masa komai. Zuba a hankali, bar murfi a buɗe, mayar da makunnin hita kan zafi, ka bar injin yana aiki kana matsa tiyon sama har kumfa ya ƙare kuma fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Sannan ka cika, ka rufe, ka kai ƙaramin tanki tsakanin layukansa. Gaya wa mai mota a canja ruwan duk shekara biyu, kuma in allura ta hau a hanya ya tsaya ya kashe, ya jira ya huce. Kada ya buɗe murfi da zafi, kada ya kwara wa injin ruwan sanyi.

Mai Carinar nan ya ce a cikin gari take zafi, in ya kama hanyar Ɗan Isa allura ta koma wurinta. To ka san inda za ka fara. Je ka kunna makulli ka zare wayar makunnin fanka, ka zo ka faɗa mini abin da ka gani.